Yoga a Ƙasar Auduga: Tabarma Ta Fi Ƙwaya Araha

Wanda ke son sanin halin da jikin mutanen Funtua yake ciki, ya nemi benci a ƙofar wani kemis tsakanin magariba da lisha a lokacin kaka, ya zauna ya kasa kunne. Ɗan dako ne zai fara zuwa, ƙurar masara har gashin ido, ya ajiye kuɗinsa a kan kanta: "Likita, a haɗa mini na ciwon jiki." Ba a tambayarsa ina ke ciwo, shi ma ba ya tambayar sunan abin da aka ƙulla masa a leda. Bayansa ga dattijo dafe da ƙugu: "Yaro, ba ni irin na shekaranjiya, abin nan ya sake riƙewa." Mai kemis ya ce, "Baba, kun dai ci abinci ko?" Baba ya ce ya sha fura. Can sai ga yaron wani dillalin hatsi an aiko shi karɓar man zafi, wai Alhaji ya sunkuya zai sa takalmi baya ya ƙage. Alhajin nan kuwa rabonsa da ɗaga buhu tun zamanin mulkin soja.

Haka abin yake a Malumfashi, haka yake a Bakori da Ɗandume da Ƙafur. Da ka buɗe baki ka ce wa ɗayansu ya riƙa motsa jiki, dariya za a yi maka: "Malam, mu da muke wuni a duƙe? Ai motsa jiki na ma'aikatan banki ne masu tumbi." In kuma ka ƙara da ambaton yoga, shi ke nan, ka ɓata rawarka da tsalle. Wani ya ce abin 'yan Indiya ne masu bautar gumaka, wani ya ce iyayi ne na matan Abuja.

Ni kuwa ra'ayina shi ne, yankin nan namu na noma ya fi Abuja buƙatar wannan abu, muddin an san abin da za a ɗauka a cikinsa da abin da za a bari.

1. Wahala daban, motsa jiki daban

Ba na musun cewa manomi na gumi. Na duƙe tsohon ciniki, kuma duƙawar ce matsalar. Daga sharar gona zuwa shuka, daga noman firi zuwa maimai, daga yankan shinkafa da lauje zuwa tsinkar auduga, jikin manomi gefe guda yake lanƙwasa: gaba. Sa'o'i ne ƙugu na naɗe, kafaɗu sun zubo, wuya ya miƙe gaba. Naman bayan cinya ya ɗaure, na gaban ƙugu ya gajarce, ƙashin baya kuma babu mai mayar da shi ɗaya gefen ko da na minti biyu. Mutum yana da ƙarfin da zai saɓa buhun masara mai kilo 100, amma in ka ce ya miƙe hannayensa sama sosai ko ya waiwaya ba tare da ya juya dukan jikinsa ba, sai ka ji yana nishi.

Sannan noman kansa ya canza. Maganin feshi ya rage aikin fartanya ƙwarai, ya kawo nasa ciwon: injin feshi na goyo mai lita 16 ko 20 a gadon baya, hannu ɗaya na famfo, ɗaya na riƙe da sanda, tun safe har rana ta take. Gonar da ake zuwa da ƙafa ko da keke yanzu da babur ake zuwa, a kan hanyar da duk ramin da aka faɗa sai ƙugu ya amsa. Injin casa ya karɓi aikin bugu, injin niƙa ya karɓi rabin aikin turmi.

Akwai kuma rabin garin da ba ya duƙawa ko kaɗan. Funtua ta daɗe da zama garin ciniki, tun zamanin da kamfanin BCGA ya kafa injinan gurzar auduga a nan da Malumfashi, jirgin ƙasa na kwasa. Masaƙar Funtua ta zo, ga tashar sauke kaya ta kan tudu da aka buɗe a 2024. Dillali, mai shago, tela, direban tirela, ɗan acaɓa, mai POS, malamin ofis: duk zaune suke wuni. Shi ma zaman naɗe ƙugu yake yi, kamar duƙawar. Shi ya sa ɗan dako da Alhaji suka haɗu a kemis ɗaya.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke hana mutane aiki. Abin da ya bambanta mu shi ne yadda muke tarbar sa. Haɗin kemis yawanci bai wuce su diclofenac da ibuprofen ba, wani lokaci biyun a ƙulli ɗaya, kuma duk ma'aikacin lafiya ya san shan su kullum, musamman a cikin da babu abinci, yana jawo gyambon ciki yana kuma taɓa ƙoda. In sun daina ji sai a hau tramol. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi a Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan irin su tramol da kodin ba bisa umarnin likita ba. Da yawa cikin samarinmu ba don maye suka fara ba. Ƙwadago suka je, aka ce ga abin da zai sa su gama kunya ba su ji a jikinsu ba. Jiki magayi ne, ƙwaya toshe masa baki kawai take yi.

Abin mamaki, mutumin da ba zai taɓa bari lokacin juyen man babur ɗinsa ya wuce ba, shi ne zai shekara arba'in yana aiki da gadon baya ɗaya bai taɓa ware masa minti goma ba.

2. Abin da muka karɓo daga Indiya

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, ƙyamar "abin 'yan Indiya" ba ta yi mana kyau a baki. Tun wajen shekarun 1960 finafinansu suka mamaye silimomin Arewa, yau ga su nan da fassarar Hausa a wayar kowane yaro. Boxer ɗin da ke kai mu gona na kamfanin Bajaj ne na Indiya. Mai hali in ciwo ya yi tsanani can yake tafiya. Kai, tramol ɗin ma mafi yawansa daga can ake shigo da shi. Duk mun karɓa, mun biya. Abu ɗaya da ba ya cin ko sisi shi muka tsaya yi wa bincike.

Binciken ba laifi ba ne, don haka ga tarihin a taƙaice. Yoga tsohuwar tarbiyya ce ta addinan Indiya, kuma asalinta zama ne da tsare numfashi da tattara hankali don neman abin da su suke ɗauka tsira ce. Tsohon littafin Patanjali da ake jingina ta gare shi kusan bai ce komai ba game da lanƙwashe-lanƙwashen da ake gani a hotuna yau. Wannan salon na motsa jiki ya bunƙasa ne a ƙarni na 20. A shekarun 1930 wani malami mai suna Krishnamacharya ya koyar da samari a fadar sarkin Mysore, kuma ɗalibansa irin su Iyengar da Pattabhi Jois da Indra Devi su suka yaɗa abin zuwa Turai da Amurka. Wani masani, Mark Singleton, ya fitar da littafi a 2010 inda ya nuna cewa yogar zamani ta ɗebi abubuwa da dama daga atisayen Turawa, irin na ƙasashen Suwidin da Denmak, da kuma atisayen 'yan kokawar Indiya. Wato wani ɓangare na abin da ake kira yoga yau ɗan'uwan faretin motsa jikin da aka sa mu yi a filin firamare ne.

A watan Disamba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni ta zama ranar yoga, bisa shawarar Firaministan Indiya Narendra Modi, ƙasashe fiye da 170 suka mara baya. Indiya na tallata abinta ne, kamar yadda kowace ƙasa ke yi. Ba dole ne mu sayi tallan duka ba.

3. Maganar addini

Nan ne gizo ke saƙa, kuma ban yarda da masu cewa a share tambayar ba. Mai tsoron kada ya taɓa imaninsa ba ƙauyanci yake yi ba. A cikin yoga akwai abubuwan da ibada ce tsantsa ta wani addini: maimaita kalmar "Om" da sauran addu'o'insu, haɗa tafin hannu a rusuna, da jerin motsin da ake kira gaisuwar rana, wanda sunansa kaɗai ya isa ya sa Musulmi ya ja da baya. Waɗannan babu ruwanmu da su.

Wasu ƙasashen Musulmi sun riga mu shiga wannan muhawara. A Nuwamba 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda abubuwan bautar da ke cikinta. Firaministan lokacin, Abdullah Badawi, ya fito ya ce ana iya yi in babu waɗancan addu'o'in. A Janairu 2009 majalisar malaman Indunusiya ta rarrabe: wadda ke da tsafi da addu'o'in Hindu haramun ce, wadda motsa jiki ce zalla an yarda. A 2017 Saudiyya ta sa yoga cikin jerin wasannin da ake ba da lasisin koyarwa. Kiristoci ma, waɗanda muke da su a Malumfashi da Ƙafur da cikin Funtua, suna da irin wannan damuwa: majalisar cocin Girka ta ce a 2020 yoga ba ta dace da addininsu ba. Jihar Alabama ta Amurka ta hana ta a makarantun gwamnati tun 1993, sai a 2021 ta janye, da sharaɗin babu addu'o'in, babu gaisuwarsu, kuma a kira kowane motsi da sunan Turanci.

Ka ga ke nan mutane da dama, a wurare masu nisa da juna, sun tsaya a kan iyaka ɗaya: a ɗauki miƙar jiki, a bar bauta. Fatawa aikin malamai ne, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya je ya tambayi malaminsa. Roƙona ɗaya ne, ya kwatanta masa abin da zai yi a zahiri, ya kwanta rigingine ya jawo gwiwa zuwa ƙirji a gabansa in ta kama, kada ya kai masa suna kawai. Wanda kuma sunan ne ke damunsa, ya kira abin miƙa. Ƙugunsa ba zai san bambanci ba.

Akwai wata magana da ke yawo a waya wadda ni ba na so: wai salla ma yoga ce, wai ruku'u da sujada motsa jiki ne. Masu faɗa suna ganin kare addini suke yi. A ganina rage wa salla daraja ne. Salla ibada ce, ana yin ta don an yi umarni, ko tana gyara ƙugu ko ba ta gyarawa. Kuma mutanen da ke layin kemis ɗin nan duk masallata ne. Abin da zan yarda da shi shi ne akasin haka: dattijon da ya kula da gwiwoyinsa da ƙugunsa zai fi daɗewa yana sallarsa a tsaye kafin ya koma kan kujera. A masallatanmu kujerun roba sai ƙaruwa suke yi a gefen sahu, kuma ba duka masu zama a kai ne suka kai saba'in ba.

4. Kada a zuzuta

An gwada yoga a kan ciwon ƙugu, kuma sakamakon na da kyau daidai gwargwado. A birnin Boston na Amurka an ɗauki mutum 320, yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi, masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu, aka raba su: wasu yoga na mako 12, wasu wajen likitan gashin ƙashi, wasu aka ba su littafin bayani kawai. Rahoton da ya fito a 2017 ya nuna 'yan yoga sun samu sauƙi kwatankwacin na masu zuwa gashin ƙashi, kuma rukunin biyu sun fi masu littafi rage shan maganin ciwo. A shekarar ce ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta sa yoga cikin abubuwan da ake fara gwadawa kafin ƙwaya. Amma da masanan Cochrane suka tattara gwaje-gwaje 21 a 2022, sai suka ce amfanin ƙarami ne in an kwatanta da zama haka nan, kuma bai fi na sauran atisayen baya ba.

To me ya sa na zaɓe ta? Don ba ta buƙatar fili, ba ta buƙatar takalmi ko ƙarfe ko wutar lantarki. A yankin da shekarun nan fita bayan gari da duku-duku ya zama abin tunani saboda rashin tsaro, daga Faskari har Sabuwa da Ƙanƙara, shawarar "ka riƙa gudun asuba" ba kowa za ta yi wa amfani ba. Tabarma kuwa tana cikin ɗaki.

Amma ba ta sauke tumbi. Mai son rage ƙiba sai ya haɗa da tafiyar sauri da rage cokali. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsi mai sa haki kaɗan a kowane mako. Yoga ba ta warkar da ciwon suga ko hawan jini, kada wanda likita ya ɗora a kan magani ya ajiye. A Indiya ma akwai masu lasifika: a 2024 sai da kotun ƙolin ƙasar ta sa shahararren malamin yoga Baba Ramdev ya nemi afuwa kan tallan magungunan kamfaninsa da aka ce suna warkar da cututtukan da ba su warkarwa.

5. Yadda za a fara

Tabarma ko bargo a ƙasa mai tauri, ba katifa ba. Tufafi masu walwala. Wandon kaftani ya wadatar. Ciki ba a cike ba, wato ba bayan an tashi daga kan tuwo ba. Minti goma zuwa sha biyar. Ka fara da zagaya tsakar gida kana kaɗa hannu na minti biyu don jiki ya ɗumama.

Sai ka kwanta rigingine, gwiwoyi a tanƙware, tafin ƙafa a ƙasa, hannu ɗaya a kan cibiya. Ja numfashi ta hanci har ka ji ciki ya ɗaga hannun, ka sake shi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo. Sau goma. Da yawa za su raina wannan, alhali shi ne ma'aunin duk abin da zai biyo baya: duk motsin da ya sa ka riƙe numfashi ko ka cije baki, ka wuce iyakarka.

Daga nan ka jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji da hannu biyu, ka riƙe tsawon numfashi biyar, ka canza ƙafa. Sannan, kana nan kwance, ka kwantar da gwiwoyin biyu gefen dama, kafaɗu na manne da ƙasa, ka dawo ka kai su hagu.

Na uku gada ce. Tafin ƙafa a ƙasa kusa da mazaunai, ka ɗaga ƙugu sama har jikinka ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, ka ƙirga numfashi uku, ka sauko sannu. Sau biyar zuwa takwas. Wannan ƙarfi yake sa wa naman mazaunai, wanda shi ya kamata ya riƙa ɗaukar nauyin da muke ɗora wa ƙugu. Alhajin nan dillalin hatsi ya fi kowa buƙatarsa.

Juya ka yi rarrafe, hannaye ƙarƙashin kafaɗu, gwiwoyi ƙarƙashin ƙugu. In ka saki numfashi ka yi doro, kai ya sunkuya. In ka ja ka gantsare, ƙirji ya buɗe. Sau takwas, ba gaggawa.

Na biyar shi ne nake ganin an yi shi don manomi. Kwanta rub da ciki, ka dogara a kan gwiwar hannu, ka ɗaga ƙirji, ƙugu da cinyoyi na ƙasa, ido na kallon gaba kaɗan. Masu yoga na kiran wanda ya fi wannan tsanani da sunan gamsheƙa, don yadda take fasa kai. Bayan da ya wuni a lanƙwashe gaba, yanzu ne aka mayar da shi ɗaya gefen. Ranar farko za ka ji kamar an ɗaure ka da igiya. Riƙe numfashi biyar, ka sauka, ka sake sau uku. Ko a gona ma ana iya yin ƙaninsa a tsaye: duk ƙarshen 'yan kunyoyi ka miƙe, ka dafe ƙugu da hannu biyu, ka ɗan gantsare baya sau biyar. Tsofaffinmu na yin haka ba tare da wani ya koya musu ba, sai dai sukan jira har ciwon ya zo.

Na shida na masu babur da direbobi da teloli ne. Durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ka sa tsumma a ƙarƙashinta, ɗaya ƙafar a gaba, ka tura ƙugu gaba a hankali har ka ji gaban cinyar da ke baya yana ja. Numfashi biyar kowane gefe.

Na ƙarshe, tashi ka tsaya kusa da bango, ka ɗaga ƙafa ɗaya ka jingina tafinta a ƙwaurin ɗayar, ba a kan gwiwa ba. Wanda ya yi langa yana yaro zai ɗauka wasa ne, sai ya gwada ya ga yana tangaɗi kafin ya ƙirga goma. Ga dattawa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin faɗuwa a banɗaki ko a bakin rijiya ita ke karya ƙugun tsoho ta kwantar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya na so wanda ya kai 65 ya riƙa irin wannan atisayen tsayuwa aƙalla kwana uku a mako. In ka gama ka koma rigingine ka huta minti biyu.

Ƙa'idar duka ɗaya ce: ja mai daɗi a nama, ci gaba; zafi mai suka, ko wani abu kamar lantarki yana sauka ƙafa, tsaya. Minti goma kullum ya fi awa guda ranar Lahadi. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma a yi hattara da bidiyon waya inda yarinya 'yar shekara ashirin ke ɗora ƙafa a ƙeya ko tsayuwa da ka. Ita sana'arta ke nan. Kai mai shekara hamsin da buhu dubu a tarihin bayanka, garin neman ƙiba kada ka samo rama.

6. Wanda tabarma ba ta ishe shi ba

Ba kowane ciwon baya ne na gajiya ba. In ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko gumin dare, yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, kuma muna da shi a ƙasar nan. In ƙafa na mutuwa ko tana ja, in fitsari ko bayan gida ya fara kuɓucewa ko ya ƙi fita, in ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga babur ko daga kan mota, wannan na asibiti ne a ranar, ba na kemis ko ƙahon wanzami ba. Akwai babban asibiti a Funtua da Malumfashi, in abin ya fi ƙarfinsu ga asibitin koyarwa na Shika, ga na ƙashi a Dala.

Mai ƙaba, wadda ta yi yawa a cikin manoma da 'yan dako, ya guji duk abin da ke sa yunƙuri har a yi masa aiki. Mai hawan jini ko hawan jinin ido kada ya yi motsin da kai ke komawa ƙasa da ƙirji. Mai juna biyu ba ta kwanciya rub da ciki, kuma ta fara tambaya a wajen awo. Mai sikila ya bi a hankali, ya sha ruwa sosai.

7. Mata, da kuma lokacin farawa

Duk abin da na lissafa, matan aure sun fi kowa samun sauƙin yinsa kuma sun fi kowa rashin wanda zai gaya musu. Uwar gida na wuni a kan kujera 'yar tsugunne: wanke-wanke, tsintar shinkafa, suyar awara, ɗinkin hula. Ga goyo, ga shara da gajeriyar tsintsiya, ga haihuwa kusa da kusa. Ba za ta fita gudu a titi ba, ba kuma za a gina mata gidan motsa jiki a Ɗanja ba. Amma ɗakinta nata ne, in ta tura ƙofa bayan yara sun tafi makaranta babu mai ganinta. Da malaman asibiti masu awo da allurar rigakafi, da ɗaliban makarantar ungozoma ta Malumfashi, za su koyi motsi bakwai ɗin nan su riƙa nunawa mata a layi, da saƙon ya shiga gidajen da jarida ba ta shiga. Maigida kuma in ya leƙo ya tarar ana rarrafe a tsakar ɗaki, ya yi haƙuri da dariya, ya nemi tasa tabarmar.

Ranar yoga ta duniya, 21 ga Yuni, ba ta dace da mu ba ko kaɗan. A lokacin damina ta kankama, kowa na gona, babu mai sauraron sabon abu. Lokacinmu shi ne bayan an kwashe amfani an tsinke auduga, daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da jiki ke sauka daga aiki ya koma zaman majalisa. A watannin nan ne ƙarfi ke zubewa, shi ya sa makon farko na huɗa ke kwantar da mutane. Da hunturu kada a yi a kan siminti mai sanyi da asuba, a bari hantsi ya ɗaga ko a shimfiɗa bargo biyu. Da azumi a mayar da shi bayan an sha ruwa abinci ya faɗa. Wanda ya fara a Disamba yana da wata biyar kafin ruwan shuka.